Faifan da Ya Rage a Baki

Faifai, a ma'anarsa ta asali, kayan aikin mata ne. Ana ɗinka shi da ciyawa da kaba, a fara daga cibiya a riƙa naɗewa ana zagayawa har ya kai faɗin da ake so, sannan a daje bakinsa. Da shi ake rufe ƙwaryar fura don kada ƙuda ya faɗa, da shi ake bakace a raba tsaba da dusa, wanda aka rina kabarsa ja da kore kuma a jera shi a ɗakin amarya. Daga wannan aiki aka sami salon maganar nan ta baje zance a faifai, wato a shimfiɗa shi fili kamar yadda ake baje hatsi a tsince tsakuwa. A gidajen Limancin Kona, kamar sauran unguwannin cikin ganuwar Zazzau, har gobe akwai irin wannan faifai a rataye jikin bango ko a kife kan ƙwarya. A gidan guda kuma ana iya jin saurayi yana cewa an turo masa faifan bidiyo, ko faifan murya, alhali abin da aka turo ba shi da faɗi, ba shi da baki, hannu ba ya iya taɓa shi. Tsakanin faifan ƙwarya da faifan waya akwai tarihin yadda murya ta shiga gidan Bahaushe ta zauna, kuma a cikin wannan tarihi ne gardamar faifan CD da sauraro ta intanet take samun ma'anarta.

Garmaho ne ya fara aron kalmar. Emile Berliner ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1887, ya iso garuruwan Arewa a zamanin mulkin Turawa. Bahaushe ya ga wani baƙin abu mai faɗi, zagayayye, da layi a jikinsa yana kewaya cibiya, sai ya kira shi da sunan abin da ya sani. Sunan na'urar aro ne, an lanƙwasa shi ya dace da harshe, amma sunan abin da ake riƙewa a hannu na gida ne. Faifan garmaho na juyawa sau 78 a minti, kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3. Mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa a ƙofar fada dole ya matse ta cikin wannan ɗan lokaci. Tun daga nan mazubi ya fara yi wa waƙa awo.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, bai yi kama da faifai ba, saboda haka kalmar ta ɗan huta. Ya zo da nasa kalmomin: zare, juyawa, gogewa, ɗauka. Ana cewa rediyo ta ci kaset idan zaren ya harɗe a ciki, a zaro shi a hankali, a zura biro a ramin a murza har ya koma. Babu wani mazubin sauti da ya zauna wa ƙasar Hausa daidai kamarsa. Yana aiki da batir, yana jure ƙura, yana ɗaukar minti 60 ko 90, kuma kowa na iya ɗaukar murya da shi. Mai biki ya ajiye rikoda a gaban makaɗa, ɗalibi ya ajiye tasa a gaban malami. Da yawa daga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Barmani Choge ta wannan hanya suka yaɗu, daga hannu zuwa hannu, kwafi bisa kwafi. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi, wanda Rediyon Kaduna yake yaɗawa daga Masallacin Sultan Bello, shi ma kaset ne ya kai shi inda rediyo ta riga ta wuce.

Da CD ya zo, sai kalmar faifai ta farka. Philips da Sony suka fitar da shi kasuwa a 1982. Faɗinsa santimita 12 ne, yana ɗaukar minti 74, daga baya aka kai shi 80. Allura ba ta taɓa shi. Hasken leza ne yake bin wasu ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda aka jera a layi guda mai naɗewa, tsawonsa ya haura kilomita 5. Akwai wani dacen da ya kamata a lura da shi a nan: faifan garmaho daga baki ake fara karanta shi a gangara cibiya, shi kuwa CD daga cibiya ake farawa a nufi baki, daidai yadda mace take ɗinka faifan kaba. A cikinsa sauti ya koma lambobi. Ana auna muryar sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba, lokacin kunnawa na'ura ta mayar da lambobin sauti. Saboda haka kwafi na goma yana iya zama daidai da na farko, saɓanin kaset da kowane kwafi yake ƙara shuuu yana rage haske.

Wannan shi ne CD a takarda. Yadda ya shiga gidajen Zariya ya ɗan bambanta. Kaɗan ne suka sayi na'urar da aka yi don sauraro kawai. Yawanci ya shigo ne a bayan fim, cikin na'urar VCD da DVD da ake haɗawa da talabijin, a shekarun da finafinan Hausa suka tashi daga kaset ɗin bidiyo suka koma faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano suna rarraba su zuwa kowane gari. Waƙar da ke cikin fim ita ce ta fara cika faifan sauti. Bugu da ƙari, faifan da ya fi karɓuwa shi ne wanda aka cusa wa waƙoƙi sama da 100 a tsarin MP3, wanda aka ƙirƙiro a Jamus don a matse sauti ya yi ƙanƙanta ta hanyar zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsa ba. Mai saye yana duba yawan abin da ke ciki ne: tafsirin azumi guda cur, ko izu sittin na ƙira'ar Mahmud Khalil Husari, wanda ya fara naɗar Alƙur'ani cikakke a Masar a 1961, duk a faifai ɗaya da zai shiga aljihun riga. Tsabtar sautin da masu ƙera CD suke alfahari da ita, yawancin gidaje ba su taɓa jin ta ba.

Faifan yana da lalurorinsa, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san su. Ƙurar hunturu tana shiga na'urar ta rufe ƙwayar idon da ke karantawa. Yaro ya ɗauki faifai ya goga a ƙasa, gobe a sa shi ya riƙa tsalle, ko ya maƙale a kalma ɗaya yana ta nanata ta. Sai a ga magidanci ya zare shi, ya ɗaga shi sama wajen hasken taga yana karkatawa don ya ga inda ya karce, ya huro masa iskar baki, ya goge da gefen riga, ya mayar. Sau da yawa yana goge shi ne a zagaye, alhali gogewar da ba ta cutarwa ita ce daga cibiya zuwa baki, domin karcewar da ta bi layin ramukan ita ce take ɓata karatu. Sannan ga wuta. Rikodar kaset tana tafiya gona da batir huɗu, amma DVD da talabijin in an ɗauke wuta sun yi shiru. Wannan kaɗai ya isa ya sa zamanin CD a ƙasar Hausa ya yi gajarta idan aka gwada da na kaset.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, bayan 'yan shekaru kuma ta zo da ɗan katin nan da ake kira memori. A nan ne aka sami sabuwar sana'a, ta masu turawa. Saurayi ne da kwamfuta a ɗan shago ko a ƙarƙashin lema, a bakin kasuwa ko tasha. Mutum ya miƙa masa memori ya ce a zuba masa Shata, ko sababbin waƙoƙin Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, ko karatun Sahihul Buhari na marigayi Shaihu Albani Zariya, ya biya ɗan abin da ya sauƙaƙa ya tafi. Daga nan abin ya riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth da Xender, ba tare da ko kwabo ba.

Kalmomin da wannan zamani ya zo da su duk na dako ne. Ana ɗora waƙa a intanet, yadda ake ɗora kaya a kai ko tukunya a murhu. Ana tura ta, yadda ake tura kura. Ana sauke ta, kuma wannan kalma ce mai nauyi a Hausa. Kaya ake saukewa daga kan jaki, baƙo ake saukewa a ba shi masauki, Alƙur'ani ma almajiri sauke shi yake yi, a yi walima. A duk waɗannan akwai ma'ana guda: abu ya yi tafiya, ya iso, ya sami wurin zama. Waƙar da aka sauke ta zama baƙuwar gida. Ko babu sabis, ko data ta ƙare, tana nan a masaukinta.

Sauraro ta intanet kuwa, irin wanda ake yi a YouTube da Audiomack da Boomplay da Spotify, har yanzu bai sami tsayayyen suna a Hausa ba. Kalmar da Turawa suke kiransa da ita, asalinta gudanar ruwan rafi ce. Kafafen labarai sukan ce sauraro kai tsaye, amma kai tsaye a kunnen Bahaushe shirin da ake yi yanzu-yanzu ne, kamar sharhin ƙwallo ko tafsirin da ake yaɗawa daga masallaci. Mutanen gari sukan ce kawai sun ji ta a YouTube, su ambaci wurin su bar aikin babu suna. Kalmar da ta fi kusa da ma'anar ita ce kwarara, domin haka abin yake aiki: sautin yana ajiye a manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, ana aiko shi gutsure-gutsure, waya ta karɓi kaɗan ta kunna, ta zubar ta karɓi na gaba. Rashin sunan yana da dalili. Harshen da ya fahimci sauti a matsayin kayan da ake ɗorawa a sauke, da wuya ya yi saurin raɗa suna ga kayan da ba ya sauka.

YouTube ya fara a 2005. Boomplay ta fara aiki a Najeriya a 2015, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno, abin da ya sa ta shiga hannun talaka da wuri. Spotify, wadda aka buɗe a Suwidin a 2008, sai a 2021 ta iso Najeriya. Alherin da suka kawo a bayyane yake. Ɗan Kona da ke karatu a Madina ko yake aiki a Legas yana iya jin muryar Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa cikin daƙiƙa kaɗan. Matashin mawaƙi ba ya jiran wani ɗan kasuwa ya yarda ya buga masa faifai. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye ƙasar Hausa a 2020, lokacin da annoba ta sa an kulle kasuwanni da tituna, abin da ba zai yiwu ba a zamanin da sai an je shago.

A ƙasashen Turai da Amurka, masu gardamar CD da intanet sun fi tsayawa a kan ingancin sauti. Lissafin a sarari yake. Awa guda ta sautin CD tana cin kimanin megabayit 635. Awa guda ta MP3 matsakaici ba ta kai 60 ba, mafi ingancinsa kuma kimanin 144. Bambancin shi ne abin da aka zubar. Sai dai wasu kamfanonin, kamar Apple Music tun 2021, suna aiko da sautin da ba a rage masa komai ba ga mai iya sayen data, don haka ta fuskar fasaha tazarar ta kusa rufewa. A gidan birnin Zazzau wannan gardama ba ta da ƙarfi sosai. Sautin yana fita ne daga bakin waya, ko daga 'yar sifikar Bluetooth da aka ajiye kan taga, a tsakar gidan da ake daka, yara suna wasa, janareton maƙwabta yana ruri. Wanda data take yi wa tsada kuma da kansa zai zaɓi mafi ƙarancin inganci don ta daɗe. Sannan tsofaffin waƙoƙin da aka fi ƙauna daga kaset aka kwaso su, da shuuu ɗinsu da kukan zakaran da ya shiga lokacin ɗauka. Babu mazubin da zai ƙara musu abin da ba a ɗauka ba tun farko.

Inda bambancin yake da nauyi shi ne wajen mallaka. Hausa ta rarrabe tsakanin saye da aro da haya da jingina, kowanne da hukuncinsa, kuma a unguwar da ake karanta babin ciniki a littattafan Risala da Muhtasar ba a ɗaukar wannan rarrabewa da wasa. Faifan da aka saya ya zama dukiya. Ana ba da aronsa, ana kyautar da shi, ana tarar da shi a akwatin mamaci a raba. Wanda yake biyan kuɗin wata-wata a manhajar sauraro kuwa haya yake yi, ranar da ya daina biya ƙofa ta rufe. Wanda yake ji kyauta yana biya da data da kuma haƙurin sauraron talla, wadda takan faɗo a tsakiyar karatu ko wa'azi ba tare da sallama ba. A duka biyun, mai ɗorawa ko kamfani na iya cire abu a wayi gari babu shi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A 2019 dandalin MySpace ya sanar da cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50, wajen sauya ma'ajiya. Duk wanda bai ajiye nasa kwafi ba, shi ke nan.

Faifan ma bai kamata a ba shi amanar da ta fi ƙarfinsa ba. Wanda aka buga a masana'anta yana daɗewa idan an adana shi. Amma da yawa daga waɗanda aka saya a kasuwannin Arewa irin waɗanda ake kwafa da kwamfuta ne, rubutunsu a kan wani siririn rini yake, zafi da hasken rana suna kashe shi sannu a hankali. Faifan da aka ajiye shekara 15 a ɗakin kwano yana iya fitowa da ƙyallinsa, a sa shi na'ura ta ce babu komai. Na'urar ma tana ƙaranci, sababbin kwamfutoci da motoci da yawa ba su da wurin sa shi.

Limancin Kona wuri ne da ya dace a auna wata kalmar, wato sauraro. Sunan unguwar kansa daga muƙamin liman yake, Ƙofar Kona kuma tana cikin ƙofofin ganuwar birnin. An san Kona da malamai da karatun zaure tun da daɗewa, ɗalibai suna zuwa daga nesa neman fiƙihu da nahawu da lugga. Tsarin karatun a kan kunne aka gina shi. Malam yana zaune a kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da littafinsa. Wanda layi ya zo kansa ya ja baƙi, malam ya fassara kalma bayan kalma, ɗalibin yana amsawa da na'am. Sauran ba sa tashi don karatun ba nasu ba ne, suna zaune suna ji, kuma sau da yawa abin da mutum ya tsinta a karatun wani ya fi wanda ya samu a nasa. Littafi yana hannu, amma ba a cewa an karanta shi sai an ji shi daga bakin malami, wanda shi ma ya ji daga nasa. Kunne ya girmi kaka, in ji masu iya magana.

Hausa tana da kalmomi biyu a nan. Ji kalma ce mai faɗi ƙwarai: ana jin sauti, ana jin ƙamshi, ana jin yunwa da sanyi da kunya, ana jin Larabci, yaron kirki kuma yana jin magana. Ji yana iya faɗa wa mutum ba da nufinsa ba. Saurara kuwa aiki ne da ake yi da niyya, kuma tana da ma'ana ta biyu da take haska ta farko. Ana cewa ruwa ya saurara idan ya tsagaita. Ana ce wa mai gaggawa ya saurara, wato ya dakata. Wanda aka ce ya saurara wa wani, an nemi ya ɗaga masa ƙafa ne. A fahimtar harshen ke nan, sauraro yana tare da tsayawa. Mai sauraro ya ajiye wani abu don ya ba muryar wuri, kamar yadda ake yin tsit idan an fara karatun Alƙur'ani.

Da wannan ma'auni, faifai ya fi kusa da sauraro. Yana da farko, yana da ƙarshe, kamar yadda na kaba yake da cibiya da dajiya. Sai an tashi an zaɓo shi, an buɗe, an sa. In ya ƙare shiru ya biyo baya, a cikin shirun nan ne ake cewa kai, wannan baiti, ko dattijo ya ba da labarin wanda aka yi wa waƙar. Manhajar intanet an gina ta ne don kada shirun ya samu. Waƙa na ƙarewa wata ta hau, wadda na'ura ta zaɓa bisa lissafin abin da mutum ya saba ji, yatsa kuma yana kan gilashi a shirye ya tsallake duk abin da bai kama shi nan take ba. Ana ji da yawa fiye da kowane zamani, sauraro ne yake wuya. Laifin ba duka na na'ura ba ne, domin mai niyya yana iya kashe wannan tsari ya zauna da waƙa ɗaya. Sai dai yanzu shi ne zai yi ƙoƙarin tsayawa, a da kuwa mazubin ne yake tsayar da shi.

Tsarin gida ma ya taɓu. Rediyo da rikoda da DVD na kowa ne. Abin da aka kunna a tsakar gida, uwar gida da amarya da yara da kaka duk sun ji, in akwai abin da bai dace ba a ce a kashe. Ta haka yaro yake tashi da waƙoƙin da suka girme shi a ka ba tare da an koya masa ba, ta haka kuma uwa take sanin abin da 'yarta take so. Abin sawa a kunne ya raba wannan taro. Mutum biyar a ɗaki ɗaya, kowa da tasa duniyar. Akwai sauƙi a ciki, musamman ga matar da take son bin karatun wani malami ba tare da ta nemi izinin mai riƙe da rimot ba, ko ɗalibin da yake tilawa da dare bai tashi kowa ba. Akwai kuma rashi, domin waƙar da ba a ji tare ba, ba a yin hirarta.

Ta ɓangaren mawaƙi, ciniki bai taɓa zama ginshiƙin rayuwarsa a ƙasar Hausa ba. Makaɗin fada yana da ubangida, na jama'a yana da biki da kyauta da liƙi. Kaset da CD sun fi amfanar ɗan kasuwa da mai satar fasaha fiye da mai muryar. Manhajojin intanet suna biya gwargwadon yawan ji, a Spotify kuma ana ƙirga ji ɗaya ne idan an kai daƙiƙa 30. Ma'anar wannan ita ce waƙar minti 3 da ta minti 30 ladansu ɗaya, sai ma a ce mai gajeriyar ya fi samu tunda za a fi maimaita ta. Waƙar Hausa ta gargajiya a hankali take ginuwa: kiɗa ya zauna, 'yan amshi su kama, mawaƙi ya yi ta ɗora ɗa bisa ɗa. Bakandamiyar Shata ba ta bayyana kanta a rabin minti. Garmaho ya matse waƙa, kaset ya sake ta, yanzu lissafin intanet da gutsattsarin TikTok suna sake matse ta.

Abu na ƙarshe shi ne suna. A karatun zaure ba a raba magana da mai ita, ana faɗin daga wa aka ji. Faifan kirki yana da bango: sunan mawaƙi, sunan waƙa, wani lokaci da shekara. Da aka koma memori sai bangon ya faɗi, waƙoƙi suka riƙa yawo da lamba kawai, ko da sunan da mai turawa ya ga dama. Daga irin waɗannan aka ɗora da yawa a intanet. Shi ya sa ake tarar da waƙar wani makaɗi da hoton wani, ko a yanke farkonta, ba a san inda aka yi ta ba balle ranar, ba a kuma ambaci 'yan amshi da makaɗan da suka raya ta ba. Akwatunan da manhajojin suke rarraba sauti a ciki ma ba da Hausa aka auna su ba. Kalmar waƙa ta haɗa ta baka da rubutacciya, ta haɗa mai kiɗa da marar kiɗa. Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon sha'irin Zazzau, wadda almajirai da makafi suka daɗe suna rerawa a kasuwanni da ƙofofin gidaje, waƙa ce, wa'azi ce, kuma littafi ce da aka buga a Zariya. Waƙoƙin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma haka suke. Ba su da gurbi a tsarin da ya san mawaƙi da kundi kawai.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Waɗanda suka halarci wuraren da aka ɗauki muryarsa da ta tsararrakinsa, suka san wane ne wane a cikin waƙa, suna ta raguwa. A akwatuna da lokokin gidajen birnin Zazzau akwai kaset da faya-fayan da babu kwafinsu a ko'ina: karatun malaman zaure da suka riga mu gidan gaskiya, Ishiriniyar daren Mauludi, kiɗan ƙwaryar bikin da aka yi shekara 40 baya. Ya kamata masu su fito da su tun zaren bai manne ba, rinin bai mutu ba, a kwafe su ba tare da matse sautin ba, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, a zauna da dattawan gida a rubuta sunan mai muryar da wuri da shekara, sannan a ɗora a intanet don na nesa su samu.